Buhuna na ɗora, fuskar Inna ta fito

"Wannan ai ni ce," in ji Inna Hajara, ƙanwar mahaifiyata, tana leƙa wayata.

Shafin intanet na sayar wa Turawa gyaɗa nake haɗa mata. Na jona shi da wata manhaja mai ajiye hotuna tana yanke su daidai allo. Hoton buhuna na ɗora, Inna na can gefe tana shiƙa. Sai manhajar ta watsar da buhunan, ta zaƙulo fuskarta.

"Kai ka ce ta nemo ni?"

"A'a, Inna."

"To wa ya aike ta?"

Na goge hoton, amma har yanzu in na buɗe adireshinsa na intanet, fuskarta tana nan. Masana, ku gaya mini: wa ke riƙe da fuskar Inna yanzu?