Langar Azumin Ɗanasabe

Duk wanda ya zauna a Bebeji daga shekarun tamanin zuwa farkon casa'in, in ka ce masa Kwame, zai ce bai san shi ba. Ce masa Ɗanasabe Ɗan Gana, yanzu ka ga ya gyara zama. Mutumin Kumasi ne, siriri, mai tabarau da aka ɗaure wa ƙafa da zare. Ranar da ya ce a garinsu Kwame sunan wanda aka haifa ran Asabar ne, aka ce to ai ka zo gida, Ɗanasabe ke nan. Da aka ji matarsa Ama ita ma 'yar Asabar ce, sai ta zama Asabe, aka yi ta tsokanarsu wai sun haɗa baki tun daga ciki.

Koyarwa ce ta kawo shi. Shekarar da aka ce baƙi su tattara su koma ƙasashensu, shi takardunsa lafiya lau, amma aikin ya kuɓuce, mai gidan haya kuma ya fara yi masa kallon hadarin kaji. Maƙwabcinsa Hamidu ne ya tsaya masa. Hamidu masunci ne mai taɓa noman rani, shi ma ruwan madatsar Tiga ya cinye ƙauyensu aka dawo da su nan, saboda haka ya san zafin a ce da mutum tashi. Ya je gaban mai unguwa ya ce, "Wannan baƙona ne. In ya yi laifi a kama ni." Tun daga ranar Ɗanasabe yake ce masa Yaya.

Daga baya ya samu wani aiki da ya ɗaure wa gari kai. Wata makaranta ce a Legas mai koyar da mutane ta gidan waya. Ɗalibai su rubuta amsoshinsu daga inda suke, a ƙunso a aiko masa, motar Kano ta sauke masa, ya zauna a ɗaki da jan biro ya duba, ya mayar. Bai taɓa ganin ubangidansa ba, bai taɓa ganin ɗalibi ko ɗaya ba. Mutane suka rasa gane masa. Ba gona, ba kasuwa, ba ofis, ga shi kuma tukunya na hawa murhu! Wasu suka ce kuɗin jabu yake bugawa, wata tsohuwa ta rantse aljanu yake yi wa darasi. Shi dai dariya yake yi.

Zama da mutane kuwa ya iya shi, wallahi ya fi wasu 'yan garin. Kirista ne, amma giyar da yake ɗan kurɓa a da ya ajiye ta. Asabe ba ta leƙa ƙofar gida ba mayafi. Ana kiran salla ya kashe rediyo. Ran Lahadi su ja ƙofa su yi addu'arsu ƙasa-ƙasa. Suna, jana'iza, ɗaurin aure, kafin a shimfiɗa tabarma yana wurin. In an kawo musu tuwo daga gidan Hamidu kuwa, har ƙanzo yake cinyewa.

Amma abin da ya fi ji da shi a duniya shi ne azumi. Tun shekarar da Hamidu ya tsaya masa, ya sayo wa Asabe tukunya sabuwa dal, da langa babba mai murfi, fara mai jajayen furanni, ya ce waɗannan na masu azumi ne kaɗai. Nama daga hannun mahaucin bakin kasuwa, wanda kowa ya san yankansa. Kullum da la'asar Asabe ta ɗora shinkafa da wake irin ta mutanen Gana, wadda ake jefa wa karan dafi ta yi ja, ta soya miya. Ko ɗanɗanawa ba ta yi, wai ba za ta riga masu ƙishirwa kai wa baki ba. Rana na yin ja, Ɗanasabe ya ɗauki langa da hannu biyu ya kai zauren Hamidu, inda dattawan layin suke haɗuwa shan ruwa, ya miƙa, ya juyo. Ba ya zama, don a ganinsa rashin ta-ido ne wanda ya wuni da ƙoshi ya tsoma hannu tare da mai azumi. Da safe langa ta dawo a wanke, da dabino a ciki. Hamidu ya ce, "An gode, ya yi daɗi."

Wannan kalma ita ta riƙe shi a Bebeji. 'Ya'yansu biyu suna Kumasi wurin kakarsu suna karatu, Asabe kullum zuciyarta na can.

"Kwame," in ji ta, "aikin nan naka ai ba a Bebeji yake ba. Duk inda gidan waya yake za ka yi shi. Me muke jira? Yara suna girma ba mu gani."

"Ama, ba ki gane ba," ya ce. "Mutum ya wuni bai sa komai a bakinsa ba, in rana ta faɗi ya ci girkinki. Wa ke yi wa bare haka? Mun yi 'yan'uwa a nan. Yaran ne za mu ɗauko."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Har ya fara neman fili a bayan gari.

Sai wani azumi, mura ta kama Asabe, hanci ya toshe kamar an cusa tsumma. Ranar aka sayo mata man gyaɗa a kwalbar da aka taɓa zuba kananzir. Ba ta ji wari ba, ba ta ɗanɗana ba, ta soya miyarta ta juye. Ɗanasabe ya kai langa kamar kullum. Sai bayan magariba da suka zauna cin nasu, ya kai lomar farko ya furzar. Kananzir zalla! Asabe ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, tana cewa ta ɓata wa bayin Allah shan ruwa. Shi ma kunya ta hana shi fita, aikin gama ya gama.

Da safe ya nufi gidan Hamidu yana ta shirya kalmomin ban haƙuri. Ya same shi a zaure yana ɗinkin raga. Suka gaisa, an tashi lafiya, ya ibada, ya iyali. Bai kai ga buɗe baki ba Hamidu ya ce, "Kai, Malam Ɗanasabe, jiya Asabe ta ƙure maleji! Baba Adamu har da suɗe yatsu."

Baba Adamu shi ne babba a masu shan ruwa a zauren. Da farko ma daɗi Ɗanasabe ya ji, ya ce a ransa, dubi kara irin ta Yaya, yana rufa mini asiri. Sai iska ta kaɗo daga kangon da ke gefen zaure, inda Hamidu yake turke ragon layyarsa kowace shekara. Warin kananzir ya daki hancinsa. Ya miƙe ya leƙa ta kan danga. Ga rago a tsaye ya juya kai gefe, ga kaskonsa cike da jar shinkafa da wake, ko taɓawa bai yi ba. A gefen kaskon kuwa busassun ƙwayoyin jar shinkafa ne manne, na shekaranjiya da na makon jiya.

Ya daɗe yana kallo. Ya tuna cinyar da Hamidu yake aiko musu duk babbar salla, mai kitse, yadda yake yabon kiwon Yaya. Ashe kiwon Asabe ne. Ya ce, "Sai an jima, Yaya," ya tafi.

A ranar, Asabe ba ta hura wuta da la'asar ba. Ɗanasabe ya je wurin mai injin niƙa ya auno dusa, ya cika langa, ya rufe, ya ɗauka da hannu biyu ya kai, ya miƙa, ya juyo.

Kashegari Hamidu ya yi sallama. Ya ajiye langa, ya zauna a ƙasa, ya ƙi hawa kujera.

"Tun yaushe?" in ji Ɗanasabe.

"Tun farko," in ji Hamidu, kansa a sunkuye. "Ranar farko Baba Adamu ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba, bai san me ake dafawa a gidanku ba. Wani ya ce ai ya halatta, malamai sun faɗa. Amma babba ya janye hannu, wa zai miƙa nasa? Na ce gobe zan gaya maka. Goben ta zo na ga fuskarka da ka kawo, na kasa. Shekara ta zagayo, ya ƙara nauyi."

"Sauran ban damu da su ba. Kai fa, Yaya? Bayan sun watse, kai kaɗai?"

Hamidu ya kai hannu yana gyara murfin langar.

"Ko loma?"

"Ko loma."

"Da ka ce mini ba ma ci, wallahi da dabino zan riƙa sayowa, ba abin da zai ragu tsakaninmu. Amma ka bar matar nan tana tsugune gaban murhu da zafin rana, ga hayaƙi, ba ta ko lasa don girmanku. Ka bar ni ina hana ta 'ya'yanta. Ni da kai, Yaya? Ka cuce ni."

"Kunyarka na ji."

"Kunyata ka ji, ka mai da ni abokin cin rago."

Hamidu ya rantse yau in an kawo, shi zai fara sa hannu a gaban kowa. Wataƙila ma da gaske yake, ni ban ce mugu ne ba. Mutum ne da ya iya tsayawa gaban mai unguwa saboda baƙo, amma ya kasa tsayawa gaban langa. Ɗanasabe ya girgiza kai kawai. Asabe tana bayan labule tana ji, ba ta ce na gaya maka ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

Bai yi faɗa da kowa ba. Ya sanar da makarantar Legas inda za a riƙa samunsa nan gaba, ya fasa maganar fili, ya sallami gidan haya. Tukunyar masu azumi Asabe ta bai wa matar mahauci. Langar kuwa ya mayar da ita zauren Hamidu ya bar ta. Bayan ƙaramar salla suka ɗaure kaya.

A tasha, mota ta kusa cika, sai ga Hamidu da sauri, riƙe da langar nan da hannu biyu. Dambu ne da soyayyen kifi aka yi musu guzuri, har ƙamshi na fita ta gefen murfi. Ya miƙa ta taga, idonsa ya yi ja.

Ɗanasabe, wanda bai taɓa mayar da abincin gidan Hamidu ba, ya karɓa, ya riƙe ta kan cinyarsa ɗan lokaci. Bai buɗe ba. Ya miƙa masa abarsa ta tagar.

"An gode, Yaya," ya ce. "Ya yi daɗi."