Gora Biyu na Baba Kumfa

Ranar da muka dawo daga asibiti da maigidana, Allah ya ji ƙansa, amai ya ƙwace masa a cikin tasi daidai ƙofar gida. Direban ya buɗe murya yana faɗa, wai mun ɓata masa mota. Ga mara lafiya jingine a kafaɗata, ga kunya, na rasa inda zan sa kaina. Sai ga mai wankin motar da ke tsallaken titi ya taho da bokiti da buroshi. Bai ko kalli direban ba, ya ce mini, "Maman Auta, shiga da shi ciki. Wannan aikina ne." Ya zare tabarmar robar da ke ƙasan motar ya tafi da ita bakin famfo. Bai taɓa tayar da zancen ba har yau.

Baba Kumfa ake ce masa. Gajere ne, wando a nannaɗe zuwa gwiwa, ƙafafunsa sun yi fari fat saboda tsayuwa cikin ruwa. Wurin aikinsa yana kallon tagar da nake ɗinki, don haka bayan rasuwar maigidana na san aikinsa kamar nawa. Ragowar ƙyallaye nake tara masa yana yin tsumma da su.

Shi ba wankin waje ya dame shi ba, ya ce wannan ko ruwan sama yana yi. Ciki ne aikinsa. Zai fito da tabarmin roba ya buga su a jikin bango, ya jiƙa, ya bi kowane layi da buroshi, sannan ya jingine su su tsane. Tsohon buroshin haƙori yake sa wa a ramukan iska da aljihun ƙofa. Yana da gora biyu irin na ruwan sha. Ɗaya ruwan sabulu ne, ɗaya kuma man ƙyalli da yake shafa wa dashbod da robar jikin ƙofa. Wannan man ba ya yarda ya kusanci inda direba ke sa ƙafa, domin santsi gare shi. In direba ya ce a sa wa ƙasa ma ta yi sheƙi, sai ya ce, "In fuskarka kake son gani, ga madubi can. Birki ba ya son kwalliya."

Na daɗe da lura idonsa ya fara yana. In buroshi ya faɗi, da hannu yake lalube. Sai mutum ya yi magana yake kiran sunansa. Ban ce komai ba, don na ga yana ɓoyewa, kuma shi kaɗai ke riƙe da matarsa da jikoki.

Wata safiya makarantar da 'yata Auta ke koyarwa za ta kai yara yawon buɗe ido bayan gari, ta hanyar nan mai hawa da gangara. Dogo, direban bas ɗin makarantar, ya tsaya wurin Baba Kumfa yana danna hon.

"Tsoho, shafa kawai za ka yi, kada ka ciro mini komai. Shugabar makaranta na jira."

"Kai kullum kamar an biyo ka. Bari in fito da tabarmar."

"In ka fito da ita sai azahar. Goge mini gaba kawai, taɓo ne."

Baba Kumfa na fama da mura ranar. Na ga ya ɗauki gora ya zazzaga a tsumma, ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari ya goge, Dogo ya ja mota. Jim kaɗan bas ɗin ta sake wucewa cike da yara, Auta ta ɗago mini hannu ta taga.

Ina cikin ɗinki na ji ana buga ƙofa ba sallama. Baba Kumfa ne, gora ɗaya a kowane hannu.

"Maman Auta, duba mini. Wacce ce ta ragu?"

Na ɗaga su na duba. Duk fari-fari ne kamar madara. Na shinshina wadda ta yi ƙasa, ƙamshin turare ne.

"Wannan ce. Ba man ƙyallin ba ne?"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya zauna a dokin ƙofa. "Shi na shafa wa tabarmar Dogo. Har matakin birki na bi na goge. Hancina a toshe, idona kuma kin sani."

Wannan ne karo na farko da ya faɗa da bakinsa.

Na ɗauko waya na kira Auta, tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na san halinta, wayar na ƙasan jaka, yara kuma na waƙa. Ya karanto mini lambar Dogo da ka, na kira, shiru. "Ba ya ɗauka in yana tuƙi," in ji shi. "Ni na hana shi, da bakina."

Na sake kiran Auta. Na sake. Duk addu'ar da na sani ta tsere mini sai hasbunallahu, ita nake ta juyawa. Ina ganin gangarar nan a raina, da kwanar da ke ƙasanta, da takalmin Dogo yana sulɓewa. Baba Kumfa ya miƙe ya nufi titi kamar zai bi su da ƙafa, ya dawo, ya sake zama. Wata mota ta tsaya a wurinsa tana hon, bai ko waiwaya ba.

"'Ya'yan mutane," yake ta faɗa. "Da taki. Da hannuna."

Can sai na ji muryar Auta cikin hayaniya. "Mama, lafiya? Muna hanya fa."

"Ki ce wa Dogo ya tsaya. A hankali, kada ya taka da ƙarfi. Akwai santsi a birkinsa."

Na ji tana kiransa, na ji ƙarar injin ta sauya. Sai Dogo ya karɓi wayar.

"Mama, mun tsaya, ko gangarar ba mu kai ba. Tun ɗazu ƙafata ke zamewa, ina ta zagin sabon takalmina. Ki ce wa tsohon nan na gode da kwalliya, yau birkina ya fi amarya sheƙi."

Ya ciro tabarmar ya jefa bayan mota, ya murje matakan da yashi, suka ci gaba.

Da yamma Dogo ya dawo da tabarmar yana tsokana, Baba Kumfa bai yi dariya ba. Ya wanke ta da sabulu, ya ɗauraye, ya sake wankewa, yana murza tafin hannunsa a kai har sai da robar ta riƙa kama fata. Dogo ya ga haka ya bar wasan, ya ce shi ne mai laifi da ya hana a ciro ta. Bai kai maganar wurin shugabar makaranta ba.

Washegari Baba Kumfa ya yi sallama a tagata da gorar man a hannu.

"Maman Auta, alfarma nake nema. Ki ɗinka wa wannan gorar riga da ƙyalle mai kaushi, wanda hannu zai gane ko ido bai gani ba. Kuma tunda kina nan zaune, ki riƙa duba ni. Ranar da kika ga ko hannun ya fara ɓata, kada ki ji nauyina. Ki tsallako ki ce mini, Baba, ajiye bokitin."