Rokar da Na Ƙi Koya wa Kowa

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina jan mota ɗaya, wata tsohuwar roka mai bodin katako, ta wani Alhaji a Birnin Kudu. Tun ranar da aka miƙo mini makullinta ta riga ta tsufa. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, kujera kuma tsumma na cusa a inda soso ya ƙare. Amma a loda mata hatsi har ya wuce bodi, za ta ɗauka ba gardama. Yaran yanzu masu jan tirela da sanyi a ciki, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, in na ba su labarinta dariya suke yi. Su yi ta yi. Ni dai wanda sitiyari bai taɓa sa tafin hannunsa ya yi kanta ba, ban ɗauke shi direba ba.

Aikinmu na kaka ne. Mu shiga ƙauyukan Gwaram ta hanyar burji, Farin Dutse, Maruta, Dingaya, mu kwaso gero da dawa da riɗi, mu fito titi mu miƙa Kano. Na san kowane rami a hanyoyin nan, na san inda yashi ke riƙe taya, na san gidan da za a ba ka fura ko ba ka tambaya ba.

Akwai wata ɗabi'a ta direbobin zamaninmu da ba a faɗa a fili. Mota ba taka ba ce, kuma mai ita yana iya karɓe makulli don kawai ƙanin matarsa ya samu lasin. Saboda haka kowane direba yakan bar wani aibu a motarsa wanda shi kaɗai ya san maganinsa. Wani wayar tayarwa ce ya san inda ake taɓawa, wani famfon mai ne. In an ba wa wani motar, kwana biyu ta gagare shi, a dawo ana ba ka haƙuri. Haka na tarar ana yi, haka na yi, kuma a lokacin ban ga laifin hakan ba.

Nawa aibun a giya ta biyu yake. In motar tana da kaya kuma an kama gangara, sandar giyar sai ta yi tsalle ta fita, mota ta tafi sakaka, birkinta kuwa ba ya iya riƙe nauyin shi kaɗai. Ba dama ka riƙe sandar da hannu, don sitiyarin sai da hannu biyu. Maganin shi ne ka tokare ta da gwiwar dama tun daga saman gangara har ƙasa. Har yau akwai baƙin tabo a gefen gwiwata. Bakanikenmu ya sha ce mini in bar masa ita yini ɗaya ya buɗe ya gyara, ni kuma in ce ya bari sai bayan kaka. Ya gane, ya daina magana.

Sau biyu Alhaji yana gwada ba wa wasu. Dukansu a ƙananan gangara ta yi musu halinta, suka tsorata, suka mayar da makulli suna cewa motar tana da iska. Na ji ana ta yaɗa maganar a tasha, na bar su a haka, har daɗi nake ji.

Sai ido ya fara ba ni matsala. Da farko kamar hayaƙin murhu nake gani a gaban gilashi, in goge, in sake gogewa. Na ɓoye kusan shekara guda, ina tuƙi da sanin hanya. Wata rana da hantsi na kusa kutsawa cikin garken shanu a wani burtali kusa da Maruta. Ihun makiyayin ne ya sa na taka birki, ban ga shanun ba sai da na ji ƙaho ya bugi bodi. 'Yan lodin da ke sama suka kai labari gida kafin ni.

Alhaji ya kira ni zaurensa. Shi ma ya tsufa a lokacin, kuma ban taɓa jin ya yi mini magana da taushi irin na ranar ba.

"Malam, ido ya gaza," ya ce. "An ce yanar ido ce, ana cirewa. Ka je a duba ka. Na samo wanda zai riƙe motar, mutumin Dingaya ne, ya ja tifa shekara goma. Ka zauna da shi sati biyu ka nuna masa halinta."

Na ce to. Amma na fito zauren raina a ɓace, kamar an kore ni daga gidana.

Mutumin da aka kawo magidanci ne, yana da mata da 'ya'ya huɗu, ba shi da yawan magana. Da ya zo da girman kai da abin ya zo mini da sauƙi. Sai ya zamana kullum shi ke riga ni zuwa, ya duba ruwa da baƙin mai, ya saya mini goro, ba ya kirana sai da Baba. Na koya masa yadda ake taka kuloci sau biyu kafin giya ta shiga. Na koya masa jin ƙarar inji in ruwa ya kusa ƙarewa, da yadda ake ɗaure tamfol in hadari ya taso. Hannunsa yana da kyau, wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Amma duk inda muka doshi gangara da kaya sai in ce ya matsa, nan sai ni. In karɓa, in tokare sandar a ƙarƙashin babbar riga, shi kuma idonsa na kan hanya.

Lissafina mai sauƙi ne. Za ta yi masa tsalle a wata ƙaramar gangara kamar yadda ta yi wa na baya, ya tsorata, ya ajiye makulli. Kafin nan an gyara mini ido, in koma kujerata.

Ranar ƙarshe muna tsaye a tashar Birnin Kudu bayan la'asar, na miƙa masa makullin. Ya karɓa da hannu biyu.

"Baba, akwai sauran abin da ya kamata in sani?"

Maganar ta zo mini har baki. Wallahi ta zo. Na dubi hannunsa riƙe da makullin nan da igiyar fatar da ni na ɗaura masa, sai na ji zuciyata ta ƙeƙashe.

"Babu," na ce. "Ka dai riƙa kula da ruwan lagireto."

Kwana tara bayan nan aka yi mini aikin ido. Ina zaune a ƙofar gida da filasta a fuska, da rana tsaka, bakaniken ya zo a kan babur. Bai zauna ba. Ya ce motar ta ɗauko riɗi daga wajen Farin Dutse, kaya har sama, ta kama doguwar gangaren nan mai sauka rafi, wadda ni kaina sai na yi bisimilla nake shigarta. Giya ta fita. A bakin ruwan akwai mata suna wanki, sai direban ya karya sitiyari ya nufi gaɓa da ita. 'Yan lodi biyu sun yi tsalle sun tsira. Motar ta kife a gefen direba, ta danne masa ƙafa, sai da aka tara mutanen ƙauye kafin a zaro shi.

Da ya gama faɗa sai ya tsaya yana kallona. Ido ɗaya gare ni a buɗe, kuma da shi na ga irin kallon. Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Har ya bar duniya bai tona mini asiri ba, kuma bai sake shan shayi kusa da ni ba.

A Kano aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mutanen tasha suka ce ai dama motar tana da iska. Alhaji ya ce ƙaddara ce, ya sayar da ita wa 'yan gwangwan a inda take kwance. Na je ranar da ake yanka ta, idona ya washe tas, ina ganin har ƙusoshin bodin. Sun yini suna yi da wuta, katakon kuma matan ƙauyen suka kwashe. Ban yi kukan motar ba, ko da yake na yi zaton zan yi. Ban sake neman makullin kowa ba.

Yanzu direban yana sayar da baƙin mai da fetur a galan a bakin titi a Gwaram, da sandunansa biyu jingine da benci. Shekaru ina kauce wa wurin. Bara ɗaurin auren jikar yayata ya kai ni garin, motar hayar da na shiga kuma ta tsaya shan mai a gabansa. Shi ya fara gane ni. Ya yunƙura zai miƙe, na ce ya zauna, ya ƙi, sai da ya tashi a kan ƙafa ɗaya ya gaishe ni. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya tambayi ido, na ce da sauƙi. Na tambayi yara, ya ce babban ya bar makaranta yana taya shi, amma an gode Allah.

Na riga na shirya maganar a raina shekara da shekaru. Na buɗe baki, sai ya riga ni.

"Baba, kullum ina so in nemi gafararka. Ka ba ni amanar motarka lafiya lau, ka koya mini komai, ban yi sati biyu ba na kashe ta. Na yi ta tunani in gano abin da na manta a cikin abin da ka faɗa mini, har yau ban gano ba."

Direban motarmu yana ta danna hon, fasinjoji suna leƙowa.

"Ba ka manta komai ba," na ce.

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya saka mini da alheri, na iya kwantar wa mutum da hankali. Na shiga mota muka tafi.