Ranar da Kwamfuta Ta Nemi Goggo Ladi

Jama'a, wallahi tallahi abin nan a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, ina aiki a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Gaya, ni da abokin aikina Sabi'u, mutumin Ajingi.

Aikina shi ne in haɗa kwamfuta ɗaya tsaf, sannan a kwafe ta a zuba wa sauran. Akwai sikirif da na rubuta da hannuna, wato jerin umarni, shi ke janyo manhajoji ɗaya bayan ɗaya. To ita manhaja ba ta tsayuwa ita kaɗai, wannan sai da waccan, waccan sai da wata, in ɗaya ta ɓace aiki ya tsaya cak.

Ana jibi jarrabawa, da hantsi na tayar da sikirif ɗin, yana tafiya sumul, sai ya cije. Ga jan rubutu, wai akwai abin da ya rasa, sunansa goggo-ladi.

Kai! Goggo Ladi fa ƙanwar babana ce, tana Toranke, rabona da ita shekara biyu, kuma Allah na tuba, sau uku ina wuce ƙofar gidanta a babur ina kau da kai.

Na ci kwalar Sabi'u, ya ce, "Malam, na rantse ko sunanta ban taɓa ji ba!" Muka bi sikirif ɗin layi-layi, babu ita. Na goge na sake, goggo-ladi. Na canja kwamfuta, goggo-ladi. Na ba shi umarni ya tsallake ta, sai ya tuge manhajar jarrabawar gaba ɗaya, wai ita ma da Goggo ta dogara.

Ogan cibiyar sai kira yake. Bayan azahar Sabi'u ya ce, "Ni dai da ni ne, goro zan saya in je in gaishe ta."

Na saya, na hau babur. Na tarar tana ɓarar gyaɗa, na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Yau an tuna da mu?" Sai wayata ta yi ƙara, Sabi'u ne yake ihu wai aiki ya ci gaba da kansa, bai taɓa komai ba.

Matar nan ko waya ba ta riƙewa. Zan tashi ta ce, "Ka biya ta garin Balan ka gai da Baffanka Idi, kada ka sha wahala biyu."

Na yi yaƙe, ban biya ba. Ina isa Gaya na tarar Sabi'u ya zuba tagumi gaban kwamfutar, ya ce, "Malam, waye kuma baffa-idi?"

Ko zama ban yi ba na juya, sai Balan.

Ina gaishe shi aiki ya kammala, aka yi jarrabawa lafiya. Ku masu wannan sana'a, kafin ku tayar da sikirif ku zaga dangi tukun, musamman in danginku na da yawa.