Randar Kaka da Kwalaben Asabe

Kakarmu ba kullum take yin tatsuniya ba, sai ranar da za ta gasa tukwane. Maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Gwagwalada, tun garin bai cika haka ba. Aikin yana da tsari, kuma har yau ina iya jero shi. Da farko a shanya tukwanen su bushe ƙarau. Sannan a jera su a fili bayan gida, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Sai itace, sai busasshiyar ciyawa a rufe. Rana na faɗuwa, iska ta kwanta, a sa wuta. Daga nan babu sauran aiki sai jira, da ƙara ciyawa inda wuta ta yi rauni. Daga baya na gane cewa da tatsuniyar take riƙe mu, don kada mu gudu wasa mu bar ta da wutar.

Mu biyu ne a gabanta, ni da ƙanwata Asabe. Ni Kaka takan kira ni Maigida, ita kuma ƙawata. Hausa ba yarenta na farko ba ne, a kasuwa ta koya, don haka mace takan zama "shi" a bakinta ba tare da ta damu ba. Ni kuwa abin yana damuna, ina gyara mata. Takan ce, "Maigida, a bakin wa tatsuniyar yake, naka ko nawa?"

Ba ta buɗewa yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Cewa take, "Ga wata ta taso daga rafi, ƙafarta duk laka." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Akwai guda ɗaya da ta fi maimaitawa. Wani gari ne ruwan rafinsa ya ɓaci. Wani abu ya shiga ciki, ba a ganinsa, ba shi da wari, amma yaran da suka sha sai su yi ta ramewa. Maharba suka je da mashi, masunta suka je da taru, babu wanda ya kama komai. Sai wata tsohuwa ta ce abin ba zai bar ruwa ba sai ya sami ɗakin da ya yi daidai da jikinsa. Maginiyar garin ta ce za ta gina. Ta gina babbar tukunya ta nutsar, abin ya shiga ya fita. Ta gina ƙarama, ya ƙi shiga. Ta gina mai dogon wuya, ta gina mai faɗin baki. Damina ta wuce, rani ya wuce, wasu suka biyo baya. Mijinta ya gaji da magana ya ƙyale ta. Mutanen gari suka daina tambayarta. Wata rana da yamma gajiya ta kai mata iyaka, ta kasa ko ɗaga hannu, sai ta bar yumɓun da ta murza a bakin ruwa ta tafi gida. Da safe ta tarar yumɓun ya naɗe kansa, ya rufe bakinsa ruf. Abin ne ya zo ya kwanta a kai, yumɓun ya bi siffarsa ya rungume shi. Ta ɗauka ta gasa.

Ni tun a lokacin ban yarda ba. Na ce, "Kaka, ɗanyen yumɓu narkewa yake a ruwa. Kuma ba a gini sai an auna."

"Kai dai ƙara ciyawa ta can."

Asabe ba ta gardama, tambaya take. "Kaka, yaya ta san yana ciki?"

"Bai sani ba, ƙawata. Sai da yara suka daina ramewa."

"Ta daɗe tana yi?"

Kaka ta dafa ƙugunta ta miƙe da ƙyar. "Har bayansa ya zama kamar nawa. Tatsuniya ta koma rafi, ku tashi."

Na gama firamare na bi wani oga magini zuwa cikin Abuja, lokacin ana ta haƙa harsashi ko'ina. Na aza bulo a Jabi, na aza a wurare da yawa da yanzu ba za a bar ni in wuce ƙofarsu ba. Aikina bai taɓa yi mini ƙarya ba: a auna, a ja igiya, a haƙa, a zuba kankare, a aza. Wanda ya bi wannan zai ga gida. Asabe kuwa ta zarce da karatu, ta karanta ilimin sinadarai, ta tafi ƙasar waje ta yi digirin dokta, ta dawo tana koyarwa a wata jami'a.

Sau da yawa ta yi mini bayanin bincikenta, kuma ga abin da na riƙe. Ɓangarenta shi ne na ƙarafa da gishirinsu. A cikinsa kuma ta zaɓi wani reshe da ke nazarin yadda ƙananan ƙwayoyin sinadari, waɗanda ido ba ya gani, suke haɗa kansu da kansu su zama kamar keji, su riƙe wata ƙwayar a tsakiya ba tare da an yi musu walda ba. Kejin da take nema na kama dalma ne, wadda ke shiga ruwan rijiya a wuraren haƙar ma'adinai ta lalata yara. Ta ce ba a gina kejin a ajiye a jira dalma. Tare ake zuba su a ƙaramar kwalba, sassan su taru a jikin dalmar su bi siffarta. Sannan a bar kwalbar makonni ba motsi, har abin ya fito ƙwaya-ƙwaya kamar gishiri. Waɗannan ƙwayoyin ake aikawa waje, inda akwai na'urar da ke ganin yadda suka ginu. Da ta kai nan ta dube ni ta ce, "Yaya, ba ka tuna komai ba?" Na ce na tuna, kuma har yanzu ban yarda ba.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. A ɗauke wuta firji ya ɗumame, aikin wata da watanni ya lalace. A tafi yajin aiki a kulle ɗakin gwaji. Sinadaran da ta yi oda su iso bayan sun tsufa. Ɗalibanta masu ƙoƙari su gama su tafi waje, ko su koma sayar da waya. Ta buga takardun bincike, an ƙara mata matsayi, furfura ta fito mata, amma kejin bai fito ba. Na sha gaya mata ta bari, kuma ina da hujja.

A bara, wata Lahadi bayan la'asar, ta zo gidana a Nyanya, cunkoson hanya ya gama da ita. Ta zauna ko ruwa ba ta sha ba ta ce an yi mata tayin wani ofis a cikin gari, aikin takardu, da mota da sanyin na'ura. In ta karɓa, ta bar ɗakin gwaji ke nan. Sun ba ta zuwa ƙarshen damina.

Na ce, "To, Dokta, me kike jira?"

Ta buɗe jaka ta fito da ƙananan kwalabe a naɗe cikin auduga, bakinsu a liƙe. "Waɗannan ne na ƙarshe. An girke sabon janareta a jikin bangon ɗakin gwajinmu, teburin rawa yake yi yini guda. Randar Kaka tana nan?"

Tana nan, a ɗakin baya da nake ajiye kayan aiki. Muka zuba jiƙaƙƙen yashi a ciki saboda sanyi, ta kafa kwalaben, muka rufe da faifai. Ta ce, "In ƙwayoyin ba su fito ba, zan karɓi ofis. Kada ka buɗe, kada ka matsar, kada ka leƙa."

"Ko sau ɗaya?"

"Yaya, na san ka. Kai da kake auna bulo bayan ka aza shi."

Na sa kwaɗo a ƙofar saboda jikoki, na rataya makullin a wuyana. Ban taɓa yin aikin da ya gajiyar da ni kamar wannan ba. Kowace safiya nakan tsaya a bakin ƙofar, hannuna a kan makulli, sannan in wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki, ni da na yi shekaru ina cewa ta bari, sai na sami kaina ina hana yara buga ƙwallo a jikin bangon.

Da ruwa ya ɗauke ta dawo. Ta durƙusa, ta ɗaga faifan, ta haska da fitilar waya. Kwalba ta farko ta gurɓace. Ta biyu ma haka. Ta ci gaba da dubawa ɗaya bayan ɗaya. A ta kusa da ƙarshe ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini. A gindin kwalbar akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli, ba su kai ƙwayar sukari ba. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi dariya ba. Zama ta yi a ƙasa ta jingina da buhun siminti ta rufe ido.

Na ce, "Dalmar tana ciki?"

"Ban sani ba tukuna. Sai an aika, sai an duba. Ko tana ciki ma, tsakanin wannan da rijiya akwai nisa."

"Ofis fa?"

"Su ba wani." Ta dafa ƙugunta ta miƙe da ƙyar, na kau da kai.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar tana yabon sakaci ne, wai mace ta yar da aikinta ta tafi barci kuma ta dace. Yanzu da na tsufa na ga inda na ƙi saurara. Yumɓun da maginiyar ta bari a bakin ruwa, hannun da ya yi shekaru yana kuskure ne ya murza shi. Kuma Kaka ba ta taɓa cewa matar ta huta bayan nan ba, ko an gode mata. Ita kanta da ta gama ba mu labarin, washegari da asuba takan tone toka, ta ware tukwanen da suka fashe gefe guda, ta ɗauki kwando ta nufi ramin yumɓu.

Asabe ta ce za ta kawo wasu kwalaben. Na wanke randar, na tankaɗe sabon yashi na zuba, na mayar da kwaɗon. Makullin yana wuyana.