Allon Matata

Shekara tara ina mai bishara a wata 'yar unguwar Kiristoci tsakanin Gaya da Ajingi, a majami'a ta jinka, kafin wani manomi ya ɓullo ta wajen Gafasa yana wa'azi a gindin tsamiya. Bayan yaƙin basasa ne da kaɗan. Bai taɓa leƙa makarantar Littafi Mai Tsarki ba, ni kuwa shekara uku na yi a can ina cin tuwo da miyar da ba ta ga mai ba. Amma ran Lahadi sai mutanena su kama hanya tun sassafe, a bar ni da tsofaffi huɗu, ɗayansu ma kurma. Har matata ta tsiri zuwa gaida innarta a can duk mako. Kishi nake ji, irin mai hana mutum jin daɗin abinci.

Ana nan sai magana ta iso cewa yana rubuta ayoyin Linjila a allo, a wanke a sha. Dattawan ikkilisiya suka kira ni, suka ce in je in gani da idona, in gaskiya ne za su hana shi wa'azi. Ban taɓa hawa keke da farin ciki kamar ran nan ba.

Na zauna can baya da fensir, ina jiran bakinsa ya goce. Bai goce ba. Abin da aka koya mana game da mutuwar Almasihu da tashinsa, shi ya faɗa, sai dai nasa tafiya yake kamar hira, har masu wucewa da jakuna suna tsayawa. Na fi jin haushin wannan fiye da a ce na kama shi da ɓata.

Da aka tashi, mata suka fito da alluna daga cikin zannuwansu. Ashe karatu yake koya musu. Takarda ba ta samuwa a ƙauye, sai ya rubuta wa kowace aya guda da tawada, ta bi baƙi ɗaya ɗaya, in ta iya a wanke a sake wata. Wata tsohuwa ta tara ƙoƙo a ƙarƙashin allon jikarta, ta shanye ruwan, yadda ta saba gani a maƙwabta.

Ya ce, "Iya, na hana ki. Karantawa ake yi, ba sha ba."

Ta ce, "Ɗan nan, idona ya mutu. Ta ina kake so ta shiga?"

Ya yi dariya ya ƙyale ta. A daidai nan na ji wata murya da na sani tana haɗa baƙaƙe a hankali, tana tuntuɓe tana komawa. Matata ce. Shekara tara tana share ɗakin da littattafaina suke, ban taɓa cewa ta zo in nuna mata ko baƙi ɗaya ba. Ya ce mata madalla, fuskarta ta washe. Na juya kekena ban yi wa kowa sallama ba.

Babban dattijo tambaya ɗaya ya yi mini. "Malam, an sha ko ba a sha ba?"

Na ce, "An sha, Baba."

Ban yi ƙarya ba. Bai tambayi saura ba, ni ma ban ƙara ba. Kafin girbi aka hana mutumin wa'azi, ya koma gonarsa, majami'ata ta sake cika.

Matata ta rataye allonta a bango da ayar ƙarshe da ba ta gama ba. Bayan wata biyu na kasa jure ganinsa, na sauko da shi na ce, "Zo in ƙarasa miki."

Ta karɓa, ta mayar inda yake. Ta ce, "Bar shi, Malam. Kada a je a ce a gidanka ma an sha."