Ƙafar da aka yi wa allura

Lokacin da aka samu mulkin kai ina yarinyar mace a Gaya, da ɗiya guda wadda ta fara gudu a tsakar gida. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba. Maigidana direba ne mai kai gyaɗa Dahome, ba ya zama gida, ni kuwa ko tari yarinyar ta yi sai in tashi neman magani.

Da damina zazzaɓi da zawo suka shiga unguwarmu. Yaran maƙwabta suka yi, suka tashi. Da ya zo kan tawa, har tana kuka in an taɓa wuyanta, na kasa zama. A lokacin uwar da ba ta kai ɗanta allura ba, gani ake ba ta nemi magani ba. Akwai wani mai tsallakowa daga Malanbil ta Dahome ranar kasuwa da allurarsa a gwangwani. Na kai ta ya tsira mata a cinyar hagu, na dawo har ina yi wa maƙwabciyata gori wai ita jiƙe-jiƙe kaɗai ta sani.

Zazzaɓin ya sauka. Da safe na tsayar da ita zan yi mata wanka, sai ta zube. Na ɗaga ta, ƙafar hagu tana reto kamar tsumma. Na mintsini ƙafar, ta yi ƙara. Tana jin zafi, amma ko yatsa ba ya motsi. Surukata ta duba ta ce Inna ce ta sha, a nemo turare.

A gidan likita lokotoro, wato babban likitan, ya ce mini wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani. Daga kashin yara take bin ruwa da hannu ta shiga baki, ta zauna a hanji. Yawancin yara zazzaɓi kawai suke yi, kaɗan ne take kaiwa ga lakarsu. Sai ya tambaya ko an yi mata allura, kuma a wace ƙafa. Ya ce allura a cikin wannan zazzaɓi tana iya jawo cutar zuwa ƙafar da aka soka. Ta hagun ce kuwa na kai aka soka.

'Yan'uwana mata, ba kowane zazzaɓi ne ke son allura ba. Ku kai yaro likita tukuna, ku tafasa masa ruwan sha. Ɗiyata yanzu tana tafiya dafe da gwiwa. Duk ranar kasuwa sai ta roƙe ni in kai ta a yi mata allura, wai ko ƙafar za ta tashi.